Mai ba ni shawarar zuba jari a Kano: abin da na gani a wurinsa

Masu ta tambayata kan mutumin nan da nake zuwa wurinsa neman shawarar kuɗi, bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunansa ko na kamfanin ba don ba talla aka biya ni ba, ofishin dai yana Nasarawa a nan Kano, kuma suna da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, shi da kansa ma ya ce in fara dubawa a shafin hukumar kafin mu yi maganar ko sisi.

Abin da ya sa nake komawa shi ne bai fara da tallata min komai ba. Tambayoyi ya dinga jero min kamar likita, nawa ke shigowa a wata, nawa ke fita, yara nawa ke makaranta, akwai bashi a kaina, ina zubin adashe, sannan kuɗin shago da na cefane a akawun ɗaya suke ko an raba, wannan ta ƙarshen kuwa duk ɗan Kantin Kwari ya san inda ta dosa. Da ya gama sai ya ce Alhaji kar ka zuba ko kwabo sai ka ware abin da zai riƙe gida wata shida ko kasuwa ta tsaya. Wallahi na zaci zai karɓi kuɗin ne a ranar.

Na gaya masa ni fa ba na son abin da ya shafi kuɗin ruwa, bai yi min wa'azi ba kuma bai yatsina fuska ba, takarda ya jawo ya zana min yadda Sukuk ɗin gwamnatin tarayya yake, wato takardar zuba jari da ba kuɗin ruwa a ciki. Ofishin kula da basussuka DMO ne ke fitarwa, na farko a 2017 na naira biliyan 100 ne, shekara bakwai, an dinga biyan kashi 16.47 a shekara a matsayin kuɗin haya, a raba biyan sau biyu, kuɗin kuma tituna ake yi da su, duk mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan. Da dubu goma ma ana shiga. Amma inda na ƙara yarda da shi, shi ne da ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ya kai kashi 34.8, to ka ga wanda ke karɓar wajen kashi 16 a lokacin lambobi ne ke ƙaruwa a akawun amma buhun shinkafa ya tsere masa, saboda haka kar in kwashe jarin atamfa da ke juyawa in kai can, rarar da ba na taɓawa kawai zan sa. Mai neman kamasho zalla ba zai faɗi wannan ba.

Ni ma ban ji kunya ba na ce yallaɓai to kai ina taka ribar? Ya buɗe fom ya nuna min layin da aka rubuta kason da kamfani ke cira duk shekara. Maganar CBEX, manhajar zuba kuɗin nan ta bogi da ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 kuwa a taƙaice ya yi ta, ya ce damfarar MMM ce ta 2016 ta sake riga.

Ofishin nasu ma abin kallo ne. Yara matasa ne yawanci, ina zaune wata yarinya da ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba ta leƙo kwamfutarsa ta ce oga wannan lissafin ba daidai ba ne ka tsallake wata ɗaya, a gabana fa, ya duba ya ce gaskiyarki ya gyara ya ci gaba. A kasuwa yaron shago ya yi wa maigida haka ai ranar sai an yi sulhu.

To amma akwai inda suke ba ni haushi gaskiya. Waya dai ka kira ka kira ba a ɗauka, saƙon WhatsApp sai washegari, takardu kuma duk da Turanci masu ƙananan rubutu, shi yana fassara maka da baki tsaf amma in ka koma gida kana son sake dubawa sai ka nemi ɗanka. Cire kuɗi ma ba kamar POS ba ne, sai ka yi kwanaki kana jiran alat, wanda ya san zai buƙaci kuɗinsa gobe da safe kar ya kai nan.

Sai kuma raguna. Mutumin nan in aka taɓo kiwo an gama, yana da garke a wajen Kura, balami da uda, wayarsa cike da hotunansu har da wani ƙaton fari da yake ji da shi, zai iya cinye maka rabin awa kan dusa da harawa da allurar rigakafi kai kuwa shago na jiranka. Abin dariyar, na ce to in shiga kiwon mana, ya ce a'a, wanda ba zai iya zuwa ya duba dabbarsa da idonsa duk mako ba asara zai yi.

Wanda zai je ya riƙe BVN da NIN da hoton fasfo da takardar biyan kuɗin wuta, ya je da safe a farkon mako, ranar Juma'a da wuri suke tashi. In Babbar Sallah ta matso kuma a fara yin waya, don yawanci yana kasuwar kara wajen ragunansa.