Hattara da masu tallan kilt na "ɗinkin awo" a intanet

Jama'a, musamman 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a Sukotlan, ku saurara kada abin da ya same ni ya sami wani. Na san dai a cikinmu akwai masu dariya da sun ji an ce kilt, wai namiji da siket. Ni ma na yi wannan dariyar a shekarata ta farko a birnin Abadin (Aberdeen). Amma duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san wata rana sai an gayyace shi ɗaurin aure ko bikin yaye ɗalibai inda kusan kowane namiji ke sanye da shi, kuma a wurinsu tufa ce ta mutunci, kamar yadda babbar riga take a wurinmu.

Abokin aikina ne zai yi aure, ya roƙe ni in saka kilt ranar walima. Na tambayi farashin na gaske, wato mai yadi 8 na ulu zalla da ake ɗinkawa da hannu, na ji ɗaruruwan fam, na ja da baya. Sai aka ce min akwai na yau da kullum, irin wanda 'yan kallon ƙwallo ke sakawa in za su filin wasa na Hampden. Shi yadi 5 ne ko ƙasa da haka, bai ma kai turmin atamfa ba, ɗinkin keke ne, kuma sau da yawa yadin haɗin poliyesta ne da biskos. Ba laifi ba ne, ba jabu ba ne, kowa ya san matsayinsa.

Ina cikin nema sai talla ta faɗo min a waya. Hoton wani dattijo mai furfura a gaban keken ɗinki, da labari mai ban tausayi: wai shagon gado ne a tsaunukan arewacin Sukotlan, tsufa ya zo, 'ya'ya sun ƙi sana'ar, za a rufe, ana karyar da kaya. Kilt mai yadi 5, ulu zalla, a ɗinka maka daidai awonka, fam 95. Suka ce in na biya ta taransifa kai tsaye maimakon kati za a rage min fam 10. Wallahi har na ji kamar ni ne ke cutar tsohon.

Abin da ya sa na saki jiki shi ne awon da suka nema. Sun tambayi abu uku, kuma su ne ainihin abin da telan kilt na ƙwarai ke tambaya: faɗin ciki a daidai cibiya, faɗin mazaunai a inda suka fi cika, da tsayi. A nan mutane da yawa ke kuskure ko da wurin mai gaskiya suka je, don kilt ba a ƙugu yake zama kamar wando ba, sama yake hawa har cibiya. Ni wandona 34 ne, amma da na zagaya tef a cibiya 37 na gani. Tsayi kuwa daga cibiya ne zuwa saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. Ba ka iya auna wannan da kanka, don da ka sunkuya awon ya lalace. Wani ɗan'uwa da muke gida ɗaya ya riƙe min tef ina tsaye ƙyam, muka sami inci 26. Dogo ne ni, ƙafa shida da 'yan kai. Sau biyu muka maimaita, don a wurina maganar ta wuce ado: abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce, ba zan shiga taro cinya a waje ba.

Na tura awo, na tura kuɗi. Mako biyar shiru, sai saƙonnin "ana kan aiki". Ranar da kayan suka iso, abin da na fara lura da shi takardar kwastan ce manne a jikin ledar. Kayan da aka ce daga arewacin Sukotlan za su taso, me ya haɗa su da kwastan? Na buɗe, na ɗaura. Bakinsa ya tsaya can sama da gwiwa, yatsu uku cur. Ɗan'uwan nan ya kalle ni, ya kau da kai yana danne dariya, ya ce, "Malam, wannan ai na ƙaninka ne." Muka shimfiɗa shi a ƙasa muka sa tef: inci 24 daidai. A ciki kuma ga 'yar takardar masana'anta da lambar girma, irin ta kayan da aka ɗinka dubu aka jibge a sito.

Inci 24 shi ne tsayin da aka saba yi wa kilt na kanti. Ma'ana ba wanda ya ko kalli awona. Gajere da dogo, duk abu ɗaya suke aika musu.

Na kai wa wata dattijuwa mai gyaran ɗinki a unguwarmu ko za ta iya ƙara tsayin. Ta juya bakin ta nuna min. Kilt na ƙwarai ba shi da kalmasa a ƙasa, bakin saƙar yadin ne da kansa ke zama ƙarshensa, shi ya sa ko rage tsayi aiki ne babba, ƙari kuwa babu hanya. Wannan nawa an yi masa 'yar siririyar kalmasa da ba abin da za a warware a samu. Ta sa yatsa cikin tattarar baya, ko gaɓa ɗaya bai shige ba, alhali nauyin tattarar nan da zurfinta su ke sa kilt ya riƙa kaɗawa in mutum na tafiya. Layukan zanen ma ba su haɗu da juna ba, kowane ninki da inda ya nufa. Daga nan ta zare zare ɗaya daga gezar gefe, ta kunna masa ashana a kan faranti. Ulu in ya ƙone ƙaurin gashi yake yi, kamar ana babbakar kan rago, ya bar toka mai murmushewa. Nawa narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin leda. Ta ce min ko kusa da wuta kada in tsaya da shi.

Da na rubuta musu, a nan na gane amfanin awon a wurinsu. A Birtaniya, ƙa'idojin cinikin nesa na 2013 sun ba ka kwana 14 ka fasa abin da ka saya ta intanet ko ba dalili, amma an cire kayan da aka yi musamman bisa awonka. To wannan ƙofar suke bi. Amsarsu a shirye take: ɗinkin awo ne, ba a mayarwa. Sun karɓi awon ne kawai don su sami abin fakewa. Kuma ƙarya ce, domin dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole kaya su dace da yadda aka siffanta su, in ba haka ba kana da kwana 30 ka ƙi karɓa a mayar maka da kuɗinka, ɗinkin awo ne ko ba shi ba. Na rubuta musu haka. Sai suka sauya salo: to in mayar, amma zuwa wani adireshi a wajen Birtaniya, kuɗin aikawa a kaina, kuma sai sun duba sun gamsu. Da na ƙi, suka ce za su ba ni fam 15 in riƙe kayan. Bayan kwana biyu imel ɗina ya fara dawowa.

Kada a fahimce ni baibai. Ba ɗinkin waje ne aibu ba. Garin Sialkot na Pakistan ya daɗe yana yin kilt da algaitar Sukotlan yana fitarwa duniya, kuma kilt masu araha da ake shigowa da su cike suke a shagunan 'yan yawon buɗe ido na Edinbara. Mai gaskiya zai ce maka ga yadin, ga tsayin 24, ga farashi, ka gwada ka gani. Cutar ita ce a sayar maka da roba da sunan ulu, da kayan sito da sunan ɗinkinka.

Ragin fam 10 ɗin nan shi ya fi ci min rai. Da kati na biya, da banki na da hanyar janyo kuɗin daga wurin ɗan kasuwa. Da taransifa kuwa, tunda wani abu ya iso hannuna, sai aka fara ce min wannan saɓani ne tsakanina da mai kaya. Farashin ma ina zargin da gangan aka tsayar da shi a 95, don kariyar da sashe na 75 na dokar bashi ke ba masu katin bashi sai abu ya haura fam 100 take aiki. Haka in an ce ka biya ta PayPal a matsayin aike ga dangi da abokai, ka sani babu kariyar mai saye a ciki.

Abin da ya kamata in yi tun farko bai fi minti biyar ba. Shafin ba shi da adireshin shago, ba lambar waya, sai akwatin saƙo. Sun kira kansu kamfani, amma da na nemi sunan a Companies House, wato rajistar kamfanonin Birtaniya, wanda dubawa kyauta ne, babu shi. Hoton dattijon kuwa, da na saka shi a manhajar binciken hoto, sai ga shi a wasu shafuka da sunaye daban, ko'ina yana shirin yin ritaya.

Na kai rahoto ga 'yan sandan Sukotlan ta lamba 101, na kuma nemi shawarar Advice Direct Scotland, ƙungiyar da ke ba masu saye shawara. Kuɗin dai har yau ban gan su ba. Bikin kuma haya na yi a wani shago a cikin gari, inda aka auna ni a tsaye aka ba ni mai inci 26, da safa doguwa, na saka gajeren wando a ciki, na sha rawa lafiya.

Makon jiya tallar ta sake faɗo min a waya. Sunan shagon ya canza, garin ya canza, amma dattijon nan da kekensa suna nan, farashi fam 95, da ragin fam 10 ga mai taransifa. Na ji ana maganarta a zauren ɗalibanmu saboda bikin yaye da ke tafe, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Wanda ya riga ya tura musu kuɗi ya kira bankinsa yau, kada ya jira kayan su iso.