Hattara da masu tallan filastar da ke "raba ka da ƙurajen leɓe har abada"

Ƙanwata tana cikin mutanen nan da ko ɗan zazzaɓi suka yi, ko suka sha rana, sai ƙuraje masu ruwa su feso musu a gefen leɓe. Ta daɗe tana fama. Don haka da ta ci karo da talla a intanet na wata filasta da aka ce tana kashe cutar daga tushe, a liƙa sau uku a huta har abada, ba ta yi wata-wata ba.

Tallan ya tsaru, ba laifi. Hoton leɓe kaca-kaca a hagu, a dama ga shi sumul. Ga wani cikin farar rigar likita, ba suna ba asibiti. Suka ce gwaji kyauta ne, kuɗin aikowa kawai za a biya, ita kuwa ta zuba musu lambobin katin bankinta.

Da kayan suka iso na karɓi ledar na juya ta gaba da baya. Babu sunan maganin da ke ciki, babu adireshin kamfani, babu lambar rajista, babu ranar daina aiki. Wasu 'yan filastoci ne zagayayyu masu warin man zafi. Ta liƙa ɗaya, wurin ya ɗauki zugi, gefensa ya yi jawur. Da ta yi musu magana sai suka ce, "'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, alamar magani na aiki ke nan." Kwana tara ƙurajen suka bushe, ɓawon ya faɗi. Murna a wurinta ba a magana, har da rubuta musu shaida a shafinsu.

To a nan damfarar take. Waɗannan ƙuraje, ko ba ka sa musu komai ba, cikin kwana 7 zuwa 10 sukan warke, in sun yi nisa mako biyu. Ko takarda ka manna a wurin zai warke, mai takardar ya kwashe yabon. Hotunan "kafin" da "bayan" da suke jerawa ba sa nuna komai sai wucewar kwanaki.

Maganar har abada kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ƙwayar cutar da ke kawo su, HSV-1, in ta shiga jiki takan bi jijiya ta je ta laɓe a wani ƙullin jijiyoyin fuska can cikin kai, ta yi lamo. Zazzaɓi, zafin rana, gajiya, damuwa ko jinin al'ada kan tashe ta, ta sake biyo jijiyar ta fito a leɓe. Ta yaya abin da aka manna a fata zai cim mata a can? Har yau babu maganin da ke fitar da ita daga jiki. Kuma ba wani abin kunya ba ne: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, wato kashi 64 cikin ɗari, yawancinsu ba su ma sani ba. Kunyar da mutum ke ji in abin ya fito masa a fuska ita ce jarin waɗannan mutane.

Ƙarshen wata sai ga saƙon banki, an cire mata kuɗi. Ashe a can ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, ta amince a riƙa aiko mata kaya duk wata. Bayan wata biyu ta yi mura, ƙurajen suka dawo wurinsu na da. Amsar da ta samu ita ce ba ta kammala adadin ba, ta sayi na wata uku. Da ta nemi a mayar mata da kuɗinta suka toshe ta. Na sake ganin hotunan nan dai, da likitan nan dai, a wani shafi mai sabon suna.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, akwai filasta ta gaskiya. Za ka ga an rubuta hydrocolloid a kwalinta. Tana rufe ciwon, ta tsotse ruwansa, ta rage tsagewar ɓawo, ta kuma hana yatsa yawan kai wa wurin. Iyakarta ke nan, kuma masu yin ta ba su ce tana kashe ƙwayar cutar ba. Maganin da ke taɓa ƙwayar shi ne irin su man aciclovir mai ƙarfin kashi 5, sau biyar a rana, tun lokacin da aka fara jin ƙaiƙayi ko tsikari kafin ƙurjin ya ɓullo. Shi ma ɗan rage kwanakin yake yi kawai. Wanda abin ke yawan damunsa, likita kan rubuta masa na haɗiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sun gaya mata in ta liƙa ba za ta shafa wa kowa ba. Da filasta ko babu, mai ƙurajen leɓe kada ya sumbaci jariri, domin wannan ƙwayar na iya halaka sabon haihuwa. Haka nan in abin ya doshi ido, ko ya bazu a fatar mai ciwon eczema (ciwon da ke sa fata bushewa da ƙaiƙayi), ko ya wuce mako biyu, ko garkuwar jikin mutum na da rauni, asibiti za a nufa, ba shafin talla ba.

Wanda ya riga ya ba su lambar kati, ya kira bankinsa yau a rufe katin a tsayar da cirewar, ya ɗauki hoton tallan da hirarsu kafin su goge, ya kai wa hukumar kula da magunguna ta ƙasarsa. Ƙanwata sai da aka cire mata sau uku kafin ta rufe nata, kuma shaidar da ta rubuta musu har yanzu tana nan suna tallata kayansu da ita.