Chausey ko Easdale: wanne zai fi maka?

Ƙanena, ka ce kana karatu a Faransa, kana son ka yi hutu a wani ɗan tsibiri da aka taɓa fasa dutse a cikinsa, ka rasa zaɓi tsakanin Chausey da Easdale.

Chausey tana kilomita 17 daga Granville, a Normandi, tafiyar da ba ta wuce awa guda a jirgin ruwa. Dutsenta giranit ne, ɗan'uwan manyan duwatsun da muke hawa a Birni muna yara. Da shi aka gina Mont-Saint-Michel, tsohon gidan ibadar Kirista da ke kan wani tsibiri a gaɓar Normandi. Sai dai ramukan fasa dutsen ba sa tsalle su shiga ido. Sai ka nutsu ka ga inda aka tsaga dutse aka bari. Abin da zai ɗauke maka hankali shi ne teku. Ruwa na iya hawa ya sauka har mita 14. Mutanen wurin suna cewa idan ya janye tsibirai 365 ke fitowa, idan ya dawo 52 ke saura. Ɗan Damagaram da ya girma yana jiran layin famfo, ganin ruwa ya tafi da safe ya dawo da kansa kafin la'asar abin riƙe baki ne.

Easdale kuwa a Sikotilan take, cikin Birtaniya, kusa da garin Oban. Dutsenta baƙi ne mai falle-falle, wanda ake rufin gida da allon 'yan makaranta da shi. A nan tarihin a fili yake. A 1881 guguwa ta turo teku cikin ramukan, har yau suna nan cike da ruwa. Babu mota, a baro ake tura kaya. Duk watan Satumba ana gasar duniya ta jefa dutse ya yi tsalle a kan ruwa, wasan da muke yi a bakin tafki da damina ba tare da an ba mu ko sisi ba.

In fasa dutsen ne zalla ya dame ka, Easdale ta fi. Amma Birtaniya bizarta daban, takardar zamanka ta Faransa ba za ta shigar da kai ba, ga kuɗin jirgi. Ni dai Chausey zan ce maka. Kafin ka yanki tikiti ka duba jadawalin hawa da saukar ruwa, ka zaɓi ranar da zai janye sosai, kuma ka tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito.