Labulen tagar motar kwana: wanne zai iya da ranar Zariya da ƙurarta?

A Turai da Amurka ana ƙera mota mai ɗaki a ciki tun daga kamfani, da gado da wurin girki, tagoginta kuma da labulensu ake sayar da ita. Mu a nan galibi bas muke samu, Hiace ko Coaster, a cire kujerun baya, kafinta ya haɗa gado, mai walda ya yi wurin kaya. Tawa Hiace ce, da ita nake zuwa Legas da Maiduguri, kuma nakan kwana a ciki idan dare ya yi mini a hanya. Abin da ya fi ba ni wahala a gyaranta shi ne tagogi. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a filin Kwangila da azahar a watan Afrilu ya san yadda cikinta ke zama kamar tanda.

Kafin a je kasuwa, a fahimci yadda zafin ke shiga. Hasken rana yana ratsa gilashi, ya faɗa kan kujera da katifa, su ɗau zafi, zafin kuma ya kasa fita. Labule mai duhu da ke ciki shan hasken yake yi, sai ya yi zafi shi ma ya riƙa dumama motar. Wanda fuskarsa ta waje fara ce ko mai ƙyalli, shi ne ke mayar da hasken ta inda ya shigo. Saboda haka tambayar farko ga kowane labule ita ce wane launi ne ke kallon rana.

Labulen yadi shi kowa ya fi sani. Ka sayi yadi a kasuwar Sabon Gari, ko ka shiga Kantin Kwari idan Kano ta kama ka, tela ya ɗinka, a rataya a kan waya ko siririn ƙarfe. Yana da araha, yana rufe sirri, kuma idan ƙurar hunturu ta cika shi sai a cire a wanke. Aibinsa biyu ne. Yana lilo idan mota na tafiya, haske kuma yana kutsowa ta gefe. Maganin lilon shi ne a sa waya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, labulen ya miƙe a tsakaninsu. Kuma a ce wa tela ya yi masa shafi da farin yadi mai kauri ta ɓangaren gilashi. Ba tare da shafin nan ba, rana za ta kodar da launin kafin damina biyu.

Na biyu shi ne mai naɗewa, wanda ake ja ƙasa, sifirin ɗin da ke cikin sandarsa ya mayar da shi sama. Yana da kyan gani, ba ya cin wuri, kuma fuskarsa sumul take, tsumma mai ɗan ruwa ya isa goge ta. A Amurka akwai masu sanda biyu a gida ɗaya: raga mai rage haske da rana, da baƙi mai toshe haske gaba ɗaya da dare. Matsalarsa a wurinmu ita ce an yi shi ne don taga mai miƙaƙƙen gefe, jikin Hiace kuwa yana lanƙwasa ciki daga sama. Sai labulen ya sauko a miƙe ya bar rata tsakaninsa da gilashi, sandar ƙasa kuma ta yi ta bugun jikin mota a duk ramin da aka faɗa. Wanda ya nace sai shi, to ya sa a yi masa ƙugiya a ƙasa ko hanya a gefe da za ta riƙe shi. Ga Coaster ya fi dacewa, don gefenta ya fi miƙewa.

Na uku shi ne mai ninki, wanda ke tattaruwa kamar mafici, da ɗan'uwansa mai ramuka irin na saƙar zuma. Na saƙar zuman yana riƙe iska a cikin ramukansa, shi ya sa yake tare zafi da sanyi sosai, kuma a hoto shi ya fi jan ido. Ni dai ba na ba kowa shawarar sa a Zariya. Siraran igiyoyi ne ke riƙe da shi a ɗame, suna gogar ramukan da suka ratsa duk lokacin da aka ɗaga ko aka sauke, rana kuma tana cinye su. Igiya ɗaya ta tsinke, gefe guda ya zube. Ga ƙura: daga Nuwamba zuwa Fabrairu kowane ninki zai zama ma'ajiyar ƙasa, kuma ba a jiƙa shi a wanke kamar yadi. Irin na kamfanonin Turai kamar Dometic da Remis, masu zuwa cikin firam ɗinsu haɗe da ragar sauro, aiki ne mai kyau, amma an auna su ne da wasu tagogi na musamman. In tagarka ba irinsu ba ce, ka yi odar abin da ba zai zauna ba, kuma mayar da shi wata wahala ce.

Abin da na tsaya a kai shi ne faifan rufe taga wanda masu ɗinkin kujerun mota za su iya haɗa maka a nan gida. Hawa uku ne: leda mai ƙyalli ta alminiyam a waje, siririn soso a tsakiya, yadi a ciki, a bi gefensa da dajiya. Ana yanka shi daidai siffar kowace taga, don haka ba ya barin rata, dare ko rana. A cikin dajiyar ake ɗinke ƙananan mayen ƙarfe, su kama jikin motar. Amma a duba tukuna: mayen ƙarfe ba ya kama roba, kuma wasu motocin an lulluɓe gefen tagoginsu da roba. In haka ne, sai a sa maɓalli mai ƙarfe da ake ɗaurewa da ƙusa. Robar nan mai tsotsar gilashi da abin da aka manna da gam duk saki suke yi idan gilashi ya yi zafi. Aibin faifan shi ne ba a rage shi rabi, ko a rufe ko a cire, kuma yana buƙatar wurin ajiya. Ni ƙarƙashin katifa nake shimfiɗa nawa. A daren hunturu numfashin mai barci yana taruwa ya zama raɓa a bayan faifan, don haka da safe a cire shi a bar gilashin ya bushe.

Wanda ya fi kowanne tare zafi shi ne wanda ake rufe gilashi da shi ta waje, don rana ba ta kai ga gilashin ba ma. Hikimar asabari ce da iyayenmu ke ratayawa a ƙofar ɗaki. Ga gilashin gaba, wanda shi ya fi girma, yana da amfani ƙwarai idan motar na cikin gida ko inda ake gadi. A tasha kuwa iska na iya ɗauke shi, ko hannu.

Baƙin gilashi ba ya maye gurbin labule. Da dare idan ka kunna fitila a ciki, na waje yana ganinka sarai. Ga kuma doka: tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda. Labule ma kada ya taɓa gilashin gaba da tagogin direba yayin tafiya, kuma idan ka tunkari shingen jami'an tsaro ka yaye na baya su ga ciki.

Kada a manta da raga. Da damina ba ka iya kwana taga a rufe, ba ka iya buɗewa saboda sauro. Yankin gidan sauro mai kauri da mayen ƙarfe a gefe, a kan tagogi biyu masu kallon juna, ya wadatar iska ta ratsa.

Wajen awo, kada ka dogara da tef kaɗai, domin kusurwoyin tagar mota a zagaye suke. Ka samo kwali, ka manna a gilashi, ka zana, ka yanka, ka rubuta a jikinsa wace taga ce da kuma wane gefe ne sama. Kwalin za ka kai wa mai ɗinki. In odar waje za ka yi, ka lura ko da inci aka rubuta awon, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Kuma ka ce a fara yi maka taga ɗaya tak, ka yi mako guda da ita a rana da kan hanya, sannan a yanka sauran.