Kafin ka sayi kayan gwajin PCR, tambayi gurbi nawa suke dubawa

Duk mai tallar kayan gwajin PCR, wato gwajin da ke kwafar guntun halittar bairos sau da yawa har na'ura ta gan shi, zai fara nuna maka alƙaluman inganci da ke jikin kwali. Alƙaluman nan an same su ne a kan bairos ɗin da ke yawo lokacin da aka ƙera kayan. Shi kuwa bairos kullum cikin rikiɗa yake, balle waɗanda halittarsu ke rubuce a zaren RNA irin na korona, mura da HIV.

Gwajin ba ya karanta dukan haruffan halittar bairos. Na korona sun kusa 30,000, amma firaima, ɗan guntun zaren da ke laluben bairos ya manne masa, bai fi haruffa 20 da 'yan kai ba. In rikiɗa ta faɗo daidai inda yake kamawa, musamman a bakin da ake fara kwafi, sai kamun ya yi rauni ko ya kuɓuce. Mutum na ɗauke da cuta, na'ura ta ce babu, a sallame shi ya koma cikin iyalinsa. Wannan shi ne abin tsoron.

Kayan da ke duba gurbi ɗaya, wato wuri guda a halittar bairos inda firaima ke kamawa, sun fi araha, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ban ba da shawararsu ga bairos mai saurin sauyawa. A ƙarshen 2020, da nau'in Alpha ya ɓulla a Ingila, ya zo da giɓi a matsayi na 69 da 70 na furotin ɗin ƙayarsa. Gwajin TaqPath na kamfanin Thermo Fisher ya daina ganin gurbin S, wato na furotin ɗin ƙayar, amma sauran gurabensa biyu, N da ORF1ab, suka ci gaba da aiki, don haka ba a rasa masu cutar ba. Har ma wannan ɓacewar ta zama alamar bin sawun Alpha, sannan Omicron a Nuwamban 2021.

Masu gurbi biyu ko uku ma ba duka suke ɗaya ba. Wasu suna nuna kowane gurbi da launinsa a allo, wasu kuma sun cusa su a launi guda. Na biyun zai kama cutar, amma ranar da gurbi ɗaya ya mutu ba za ka sani ba, kana aiki da rabin kariya. Zaɓi mai rarrabewa ko da ya ɗan fi tsada.

Sai batun na'ura. Rufaffiya mai katirij (ɗan akwatin da ke ɗauke da sinadaran gwajin a shirye) irin GeneXpert tana da sauƙin sarrafawa, kuma gwajinta na farko na korona yana duba gurbi biyu, E da N2. Amma in aka samu matsala, sai ka jira kamfani ya sake ƙira. Buɗaɗɗiyar na'ura tana ba ka damar sauya kaya daga wani kamfani cikin hanzari, muddin kana da ƙwararrun ma'aikata.

Kula sosai da gwajin da ke bambance reshen cuta. Reshen Ib na ƙyandar biri da ya yaɗu a gabashin Kongo ya rasa wani yanki na halittarsa, har wani gwaji da aka ƙera don reshe na I ya kasa ganinsa. Irin wannan a haɗa shi da gwajin da ke kama dangin bairos ɗin baki ɗaya.

Kafin ka sa hannu, ka nemi dillali ya rubuta maka sau nawa suke gwada firaimominsu da sabbin jerin haruffan bairos da ake sakawa a GISAID, rumbun da masana na duniya ke tara su, da yadda za su sanar da kai, su musanya kayan da ke firjinka, in sabon nau'i ya kauce musu.