Jirgin ruwa daga Cochem zuwa Beilstein: kuɗina bai tafi banza ba, amma ina da ƙorafi

Yayana ne ya kawo mini ziyara Jamus a ƙarshen Satumba. Bayan kwana huɗu ya ce shi fa ya gaji da kallon benaye da tashoshin jirgin ƙasa, a kai shi ƙauye ya ga yadda Bature ke noma. Wata abokiyar aikina ta ce mu je Beilstein, kuma kada mu kuskura mu shiga bas, mu bi ta ruwa. Muka hau jirgin ƙasa daga Bonn zuwa Koblenz, inda kogin Mosel ke zubawa cikin Rhine, muka canja zuwa Cochem. A nan bakin gaɓa na yanka mana tikitin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, zuwa da dawowa.

Tafiyar kusan awa guda ce, kuma ita kaɗai ta biya kuɗin tikitin. Jirgin tsaf yake, kujerun sama a buɗe, iska na kaɗawa. Hagu da dama gonakin inabi ne a jikin tsauni, a tsaye kamar bango. Yaya, wanda ya tashi da fartanya a hannu, ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Ƙanwata, waɗannan mutanen da igiya suke ɗaure kansu ne?" Ba su cika ɗaurewa ba, amma akwai wani siririn dogo mai layi ɗaya da ke hawa da mutum da kwandunansa har saman gona. Galma ko tarakta ba su da wurin tsayawa a irin wannan gangare, yawancin aikin da hannu ake yi. Ƙasar ma ba ƙasa ba ce sosai, farfasasshen dutse ne baƙi-baƙi mai faɗi, wanda ke shan zafin rana da yini ya saki da dare. Shi ya sa inabin da suke kira Riesling ke nuna a wuri mai sanyi haka.

Kafin a isa, jirgin ya shiga madatsar Fankel. Aka rufe ƙofa a bayanmu, ruwa ya rinƙa cikowa, muna ɗagawa a hankali tsakanin jiƙaƙƙun bango biyu har muka fi tsayin soro, sannan aka buɗe ta gaba. Irin waɗannan madatsu ne suka mayar da Mosel hanyar manyan jiragen kaya, aikin da Jamus da Faransa da Luxembourg suka buɗe tare a 1964. Wannan bayanin a takarda na karanta, domin lasifikar jirgin ƙara kawai take yi, kuma da Jamusanci zalla. Wanda bai ji harshen ba sai dai ya ci da ido. Shayin cikin jirgi kuwa, tsada da salam, ku zo da naku a filas.

Beilstein kanta 'yar mitsitsiya ce, mazaunanta ba su kai 200 ba, an matse ta tsakanin kogi da tsauni. Jamusawa na yi mata kirari da kyakkyawar Mosel mai barci, don ta daɗe ba ta sauya kama ba. Amma a da tana da matsayin birni, wanda ta samu tun farkon ƙarni na 14. Dandalin kasuwarta na 1322 ne, an sassaƙe dutse aka samar da filin. A gefensa akwai gidan da talakawa ke kai wa masu sarauta kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. Da na fassara wa Yaya, dariya ya yi ya ce ashe ko'ina manomi shi ke ciyar da fada. Gidajen na katako da farar ƙasa ne, lunguna ƙanana kamar na tsohon gari, wasu sai an karkace kafaɗa idan an haɗu da mai tahowa.

Daga dandalin akwai matakala 108 zuwa majami'ar Saint Joseph ta 'yan ɗariƙar Karmel. Na ƙirga su, numfashina ya tabbatar. A ciki akwai wani sassaƙen Maryamu baƙar fata da aka ce sojojin Sifaniya suka bari lokacin Yaƙin Shekara Talatin. Muka leƙa, muka fito. Abin da ya fi riƙe mu shi ne kangon fadar Metternich a can sama. Sojojin Faransa ne suka rusa ta a 1689, ba a kuma sake gina ta ba. Gidan sarautar da ya mallake ta shi ne ya haifi Klemens von Metternich, wanda ya juya siyasar Turai daga Vienna bayan faɗuwar Napoleon. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma idan ka daure ka hau hasumiyar da ta rage, za ka ga yadda kogin ya yi gwiwa, da ƙaramin jirgin fito da ke tsallakar da mutane da kekuna zuwa ɗaya gaɓar. Bayan fadar, cikin itatuwa, akwai tsohuwar maƙabartar Yahudawa, waɗanda aka ba izinin zama a garin tun 1309. Babu kowa a wurin sai mu da tsuntsaye, alhali ƙasa dandali ya cika maƙil.

To, ga inda na so in yi abin kunya. Garin nan da giyar inabi yake ci yake sha, kusan kowane gida yana da rumbunta a ƙarƙashin ƙasa, mu kuwa ba ma sha. A wani wurin cin abinci na ce a kawo mana abin inabi mai zaƙi na sabon girbi. Yarinyar ta ajiye kofi biyu na wani abu fari-fari mai kumfa, kamar kunun zaƙi da aka tsinka. Yaya ya kai hanci ya ce, "Wannan ya kwana." Gaskiyarsa. Sunansa Federweisser, inabi ne da ya fara tsima, zaƙinsa na yaudara amma akwai barasa a ciki. Laifina ne rabi, nata rabi, don na ce mata ba ma shan giya tun farko. Ta canja ba tare da gardama ba. Kalmar da za ku riƙe ita ce Traubensaft, matsattsen inabi da bai tsimu ba, kuma na wannan yanki ya fi duk na kwali da na taɓa sha. Haka wainar albasar da ake ci a wannan lokaci, yawanci da naman alade ake yin ta, sai an tambaya. Mu kifi da dankali muka ci. Na kuma sayi kwalbar jam na wani jan 'ya'yan itace dangin fic (peach a Turance) da ake shukawa a gonakin inabin, jajir kamar zoɓo.

Babban ƙorafina lokaci ne. Mun shiga jirgin rana, don haka awa biyu da 'yan mintuna kawai muka samu kafin na ƙarshe ya juya. Mai sayar da tikiti bai ce uffan ba a kan haka. Daga maƙabarta da sauri-sauri muka sauko, la'asar ma a wani lungu bayan fada muka yi ta a kan rigar sanyina. Wanda zai je ya ɗauki jirgin safe, ya sa takalmi mai riƙe ƙasa, ya riƙe tsabar kuɗi don ba kowane shago ke karɓar kati ba, ya kuma tuna jiragen nan ba sa zirga-zirga da hunturu. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a dandali, ba zai yi asara sosai ba.

A hanyar dawowa Yaya ya fito da wani ɗan baƙin dutse daga aljihu, ashe a bakin gona ya tsinta. Ya ce zai kai wa Baba ya ga irin ƙasar da wasu ke nomawa.