Wata takwas da ɗan akwatin Google TV a bayan tsohuwar talabijin ɗinmu

Talabijin ɗin falonmu irin mai shiga intanet da kanta ce, kuma ta kusa shekara shida a gidan. Hotonta har yau tas yake, babu abin da ya same shi. Ƙwaƙwalwarta ce ta gaji. In ka danna YouTube sai ka je ka zuba shayi ka dawo tana nan tana juyawa, wasu manhajojin kuma sun daina sabuntawa gaba ɗaya. Uwargida da yara kullum da yamma suna son fina-finan Kannywood masu dogon zango, ni kuma ina son wa'azi da sharhin ƙwallo, sai rimot ya zama abin rigima.

Na so in sayi sabuwa, amma da na ji farashi a Sabon Gari sai na fasa, na sayi ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu ba mai Google TV, wato manhajar Google da ke tafiyar da talabijin ta intanet. Ana cusa wayarsa a ramin HDMI, wato ramin shigar da hoto da sauti da ke jikin talabijin, a haɗa shi da intanet, shi ke nan. Ranar farko na ga bambanci: YouTube na buɗewa nan take, Netflix ma haka, kuma rimot ɗinsa na da makirufo, kana faɗin abin da kake nema ya lalubo maka. Sunayen Hausa ne dai yake yawan kuskurewa, sai na koma rubutawa.

Wani abokina ya ce asarar kuɗi na yi, tunda yanzu kowace sabuwar talabijin da manhajojinta take zuwa: Samsung na da Tizen, LG na da webOS, Hisense na da VIDAA. Maganarsa akwai gaskiya, wanda ya sayi sabuwa bana ba ya bukatar ƙarin komai. Amma gilashin talabijin yana iya kai shekara goma lafiya lau, ƙwaƙwalwar da ke ciki kuwa ba ta bin sa zuwa can, kuma ba a cire ta a sa wata. Ɗan akwatin nan in ya tsufa cire shi zan yi in maye gurbinsa da kuɗin da bai kai na talabijin ba ko kusa. Ko Google da ta daina yin Chromecast, ɗan na'urarta mai irin wannan aikin, a 2024, bayan shekara goma sha ɗaya tana sayar da shi, wani akwatin ta fito da shi, Google TV Streamer. Da sun ga kasuwar ta mutu, da ba su sake zuba kuɗi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne data. Hoto mai kyau na HD a Netflix na iya lashe gigabait uku a awa ɗaya, don haka na rage ingancin hoton, yara ma ba su lura ba. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta kuma, sai an jira shi ya farfaɗo ya sake kama intanet.

Ku yi hattara da akwatuna marasa suna da ake tallan cewa suna ba da tashoshi dubu kyauta. Da yawansu ba su da amincewar Netflix, hoton sai ya fito dishi-dishi. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna maka shi a gabanka ka gani da idonka.